Kafin Mu Haƙa Sabuwa, Mu Koma Mu Duba Tsohuwa

Jawabin kwamitin agaji a taron share fagen azumi na al'ummarmu da ke Manchesta, Ingila. Ɗaya daga cikin 'yan kwamitin ne ya gabatar da shi a madadin sauran.

 

Malam Liman, dattawanmu, iyayenmu mata, 'yan'uwa maza da mata, da yaranmu da ke can baya suna ta kai-komo da shayi, assalamu alaikum wa rahmatullah. Mun gode da kuka fito cikin wannan sanyi. Mun san a cikinku akwai waɗanda daga aikin dare suka taso, ko runtsawa ba su yi ba, akwai kuma waɗanda suka rufe shago da wuri. Allah Ya saka da alheri.

Kowace shekara a irin wannan zama na watan Sha'aban mukan tashi mu karanta muku lissafi, an tara kaza, an kashe kaza, mu nuna hotuna, a yi kabbara, a buɗe asusun bana. Lissafin yana nan a takardar da ke hannunku, kowa ya duba. Amma yau mun zo da labarin da ba shi da daɗin ji, kuma mun ga gara ku ji shi daga bakinmu da ku tsince shi a WhatsApp. Bayan labarin muna da roƙo, wanda mun san ba kowa zai yi na'am da shi nan take ba.

Tsakanin 2018 da 2020, da kuɗin da kuka bayar, ƙungiyarmu ta haƙa rijiyoyin burtsatse guda shida, huɗu a arewacin Najeriya, biyu a kudancin Nijar. Kun ga hotunan ranar buɗewa: ruwa na zuba, yara na tsalle, ga allo a jikin siminti ɗauke da sunan mamacin da aka yi wa sadaka. Daga wannan rana ba mu sake waiwayarsu ba. Annobar korona ta zo ta rufe hanyoyi, da aka buɗe kuma hankalinmu ya koma kan sababbin ayyuka.

A bazarar bara, biyu daga cikinmu suka je gida ganin dangi, sai muka roƙe su su zaga duka shidan ba tare da sun sanar da kowa zuwansu ba. Sun shiga mota, sun hau babur, wani wurin da ƙafa suka ƙarasa. Uku suna ba da ruwa, alhamdu lillahi. Uku sun mutu.

Ta farko famfon tuƙa-tuƙa ce. Wata 'yar roba ce ta cinye a can cikin famfon, wadda kuɗinta haɗe da ladan bakanike bai kai abin da ɗayanmu ke zuba wa motarsa na mai a mako guda ba. Saboda wannan roba rijiyar ta fi shekara biyu a tsaye. Ta biyu mai aiki da hasken rana ce, ɓarayi suka zo da dare suka kwance faifan sola, shi ke nan. Ta uku kuwa laifin namu ne kai tsaye. Mun zaɓi ɗan kwangilar da ya fi kowa sauƙin farashi, muka matsa masa ya gama a ƙarshen damina domin hotuna su iso mu kafin taron shekara. A lokacin ruwa na kusa, da ya taɓo shi sai ya tsaya. Rani na shigowa ta ƙafe. Iyayenmu sun faɗa, araha ba ta ado.

Abin da ya fi sosa wa 'yan'uwanmu rai shi ne abin da suka gani a gari na farko. Allon sunan yana nan fes kamar jiya aka kafa shi, mata kuwa suna wucewa ta gabansa da jarkoki zuwa tafkin da shanu ke sha. Da aka tambayi mai garin me ya hana su gyarawa, sai ya ce: "Ai rijiyar mutanen Ingila ce, ga sunansu nan a jiki. Mun ɗauka in muka taɓa, mun shiga hurumin da ba namu ba. Muna ta jiranku."

A ɗaya daga cikin ukun da ke aiki kuwa, wata dattijuwa suka tarar da makulli a bakin zanenta. Ita ke buɗewa da safe da yamma, tana karɓar 'yan canji a kan kowace jarka tana zubawa a gwangwani. Gidajen marayu da na waɗanda mazajensu suka rasu ba a karɓar komai daga gare su. Sau uku famfon yana lalacewa, sau uku suna kiran bakanike daga garin kasuwa su biya shi daga gwangwanin nan. Babu wanda ya koya musu wannan tsari a cikinmu, su suka zauna suka tsara abinsu.

Mafi yawanmu a kwamitin nan 'yan kasuwa ne. Wasunmu atamfa da shadda, wasu kayan miya da hatsi, wasu jigilar kaya zuwa gida. Da muka ji wannan rahoto, kunya ta kama mu. A cikinmu babu wanda zai buɗe shago, ya zuba jari, ya ɗauki hoto a bakin ƙofa, sannan ya tafi shekara biyar bai leƙo ba, bai tambayi yaron shago ciniki ba. Ga shi mun yi haka da amanar da kuka ba mu. Muna neman gafarar Allah, muna neman taku.

Bayan nan sai muka shiga bincike da tambaye-tambaye, muka gane cewa ramin da muka faɗa, waɗanda suka fi mu kuɗi da ilimi sun riga mu faɗawa. A 2006 matar shugaban Amurka na lokacin, Laura Bush, ta sanar da tallafin sama da dala miliyan 16 domin wani sabon famfo da ake kira PlayPump. An haɗa famfon da lilo mai juyawa, yara su yi wasa, ruwa ya hau tanki. A hoto abin gwanin sha'awa, mawaƙa da attajirai suka yi ta zuba kuɗi. Da aka kafa su a ƙauyukan Mozambik da wasu ƙasashen kudancin Afirka, yara suka gaji, aka bar mata da tsofaffi suna tura lilo don su sami ruwan girki. Ya ninka famfon hannu tsada, in ya lalace babu mai gyara a kusa, wasu garuruwan ma an cire musu famfonsu mai aiki ba a tambaye su ba. Cikin 'yan shekaru manyan masu ɗaukar nauyin suka janye.

To, me ya sa wannan magana ta zama ta gaggawa a bana? Saboda manyan masu ba da agaji na duniya suna tattara kayansu.

A 1970 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince cewa kowace ƙasa mai arziki ta riƙa ware kashi 0.7 cikin 100 na abin da take samu a shekara domin taimakon ƙasashe masu tasowa. Wato fam 7 a cikin kowane fam 1,000. Ƙasashe ƙalilan ne suka taɓa cika wannan alkawari. Wannan ƙasa da muke zaune ta cika shi, har ta mayar da shi doka a 2015. A 2021 aka rage zuwa 0.5. A watan Fabrairun 2025 Firayim Minista Keir Starmer ya sanar da cewa zuwa 2027 za a mayar da shi 0.3, a karkata kuɗin zuwa harkar tsaro. Amurka, wadda a lokacin ta fi kowace ƙasa ba da agaji, ta dakatar da nata a watan Janairun 2025, zuwa watan Yuli kuma ta rufe hukumarta ta USAID da aka kafa tun 1961. A cikin wannan watan na Yuli Hukumar Abinci ta Duniya ta yi gargaɗin cewa kuɗinta ya ƙare, za ta dakatar da tallafin abinci ga mutum miliyan 1.3 a arewa maso gabashin Najeriya. Waɗanda ke da dangi a Borno da Yobe sun fi mu sanin abin da hakan ke nufi a tukunya.

Mun sha jin wasu a majalisarmu suna cewa, to, su tafi da kuɗinsu, dama agajin Turawa bai taɓa tsinana komai ba. Wannan magana ba adalci ba ce, kuma addininmu ya hore mu da faɗin gaskiya ko a kan wanda ba namu ba. Dattawan da ke zaune a nan sun san fuskokin da agana ta ɓata. An kawar da ita daga duniya baki ɗaya a 1980. A watan Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali. A 1990 yara sama da miliyan 12 ne ke mutuwa a shekara kafin su kai shekara biyar, zuwa 2022 adadin ya sauko ƙasa da miliyan 5. Rigakafi da gidan sauro da maganin gudawa da aka raba da kuɗin agaji suna da babban hannu a ciki.

Haka kuma ba gaskiya ba ne a ce agaji shi kaɗai ke fitar da ƙasa daga talauci. A lissafin Bankin Duniya, a 1990 fiye da mutum ɗaya cikin uku a duniya yana cikin matsanancin talauci, zuwa 2019 ya koma ƙasa da ɗaya cikin goma. Amma mafi yawan wannan ci gaba a Asiya aka same shi. Ƙasar Sin kaɗai ta fitar da mutum wajen miliyan 800 cikin shekara 40, ta hanyar noma da masana'antu da kasuwanci. Yau yawancin waɗanda suka rage a wannan hali suna Afirka kudu da Sahara. A Najeriya, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar da rahoto a 2022 cewa mutum miliyan 133 na fama da talauci ta fuskoki da dama, na ruwa, na lafiya, na ilimi, na muhalli, kuma kashi 65 cikin 100 nasu a Arewa suke.

Akwai wani lissafi da ya shafe mu kai tsaye. A 2023 duk agajin da gwamnatocin ƙasashe masu arziki suka bayar ya kai wajen dala biliyan 223. A wannan shekarar, kuɗin da 'yan ci-rani irinmu suka aika gida zuwa ƙasashe masu tasowa ya haura dala biliyan 650, kusan ninki uku ke nan. Najeriya kaɗai takan karɓi kusan dala biliyan 20 a shekara. Direban tasi da mai gadi da mai kula da tsofaffi da mai shago, su ne suka tara wannan, fam 50, fam 100. Galibinsa na tuwo ne da kuɗin makaranta da asibiti, kuma haka ya kamata, domin dangi su suka fi cancanta. Abin da muke so ku lura da shi kawai, mu ba ƙananan hannu ba ne a wannan harka. In manya sun ja baya, ɗan abin da muke warewa na ayyukan al'umma ya ƙara nauyi, bai kamata ko fam ɗaya ya tafi a rijiyar da za ta mutu bayan shekara biyu ba.

Bari mu kawo muku ayyuka biyu da suka yi nasara a ƙasashenmu, mu ga abin da suka yi wanda mu ba mu yi ba.

Na farko kurkunu. Yaranmu da aka haifa a nan ba su san shi ba, Allah kada Ya nuna musu. Mutum ya sha ruwan tafki mai ɗauke da wasu ƙananan ƙwari, bayan kamar shekara guda tsutsa ta huda fatarsa, yawanci a ƙafa, tsawonta ya kan kai mita ɗaya. Babu allura, babu ƙwaya. Sai dai a riƙa naɗe ta a ɗan tsinke a hankali, makonni mutum yana kwance. A wurare da yawa tana fitowa daidai lokacin aikin gona, magidanci ya kwanta, gona ta cika da ciyawa, rumbu ya wayi gari babu komai. Cuta ce da ke haifar da talauci kai tsaye. A 1986, lokacin da tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter da cibiyarsa suka ɗauki yaƙi da ita, an ƙiyasta mutum miliyan 3.5 ke kamuwa a shekara a ƙasashe 21. A ƙidayar farko da aka yi a Najeriya a ƙarshen shekarun 1980 an sami sama da mutum 650,000. Gana ta ƙirga kusan 180,000 a 1989.

Da me aka yaƙe ta? Da ƙyallen tace ruwa, da hana mai kurkunu tsoma ƙafarsa a tafki, da zuba magani a tafkuna, da haƙa rijiyoyi inda ya samu. Amma ginshiƙin aikin shi ne ɗan sa-kai a kowane ƙauye, ɗan garin, wanda aka ba littafi yana rubuta duk wanda ya kamu, kowane wata a zo a karɓi rahotonsa. Janar Yakubu Gowon ya yi shekaru yana shiga ƙauyuka da kansa yana zama da sarakuna da gwamnoni a kan wannan. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Najeriya da Nijar sun rabu da kurkunu, Gana kuma a 2015. A 2024, shekarar da Carter ya rasu yana da shekara 100, mutum 15 kacal aka samu da cutar a duk duniya. Kusan shekara 40 suka yi suna komawa ƙauyukan nan wata bayan wata.

Na biyu daga ƙasar Maradi. Bayan farin shekarun 1970, ƙungiyoyin waje sun kashe kuɗi masu yawa suna renon itatuwa a leda suna dasawa a Nijar. Mafi yawansu suka mutu, rana ta ƙone wasu, awaki suka cinye wasu, kuma manomi bai ɗauke su nasa ba. A 1983 wani malamin gona ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo ya lura cewa 'yan tsire-tsiren da manoma ke sassabewa kowace shekara a gonakinsu toho ne na kututturen itatuwan da aka sare, saiwarsu tana nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. In aka bar reshe ɗaya zuwa biyar masu ƙarfi aka datse sauran, cikin 'yan shekaru sai ga itace. Ba a bukatar leda ko ban ruwa, wuƙa ko lauje ya isa. Da farko manoma sun yi masa dariya, domin a wurinmu gona mai tsabta ita ce ta manomin kirki. Waɗanda suka gwada suka ga iska ta daina binne musu shuka, ga itacen girki a kusa, ga abincin dabbobi. Duk wanda ya yi noma ya san gawo, yana zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana, ƙasar gindinsa kuma ta fi ko'ina albarka. Da hukuma ta sassauta, manomi ya tabbata itacen gonarsa nasa ne, sai abin ya bazu daga maƙwabci zuwa maƙwabci har ƙasar Damagaram. Masu bincike sun ƙiyasta hekta miliyan 5 ta farfaɗo, da itatuwa wajen miliyan 200.

Kun ga abin da ya haɗa kurkunu da gawo da dattijuwar nan mai makulli. A duka ukun mutanen garin ne ke riƙe da aikin, suna ganinsa nasu, kuma akwai mai sa ido a kai ba dare ba rana. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mu kuwa daga Manchesta muka zaɓi wuri, muka zaɓi lokaci, muka rubuta sunanmu, muka juya baya.

Wannan darasi ba sai mun je wurin Turawa ba ma, yana cikin tarihinmu. Sayyidina Usman ɗan Affan, Allah Ya ƙara masa yarda, ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar wa jama'a. Alhazanmu sun san har yau wurin yana nan, da gonar dabino kewaye da shi, ƙarƙashin masu kula da wakafi. Shekara sama da 1,400 ke nan, kuma abin da ya raya ta shi ne a kowane zamani an sami masu tsayawa a kanta.

Saboda haka ga roƙon da kwamiti ya zo da shi, abu huɗu.

Na ɗaya, bana kada mu haƙa sabuwar rijiya ko guda. Kuɗin ruwan sha da za a tara a wannan azumi ya tafi wajen tayar da ukun da suka mutu. Biyu gyara ne. Ta ukun sai an sake haƙawa, kuma a tsakiyar rani za a yi, bayan wanda ya san ƙasa ya auna, ko da hoton bai iso mu da wuri ba.

Na biyu, kafin a taɓa ko ƙusa ɗaya, a zauna da mutanen kowane gari. Su zaɓi kwamitinsu, da mata a ciki, tunda su ke ɗiban ruwan. Su faɗi wanda zai riƙe kuɗi, su tsayar da abin da za a riƙa bayarwa da waɗanda za a ɗauke wa, a san bakaniken da za a kira da inda ake sayen kayan gyara. A sanar a masallacin Juma'a cewa rijiyar ta garin ce, a kuma ƙara wannan a jikin allon, ƙarƙashin sunan mamacin.

Na uku, daga yanzu duk aikin da za mu yi, a cikin kowane fam 5 a ajiye fam 1 a asusun gyara. Ƙananan gyare-gyare na garin ne. Asusun na babbar matsala ne, irin ta faifan sola ko injin da ya ƙone.

Na huɗu, kowace bazara, lokacin da ruwa ya fi wuya, wani daga cikinmu ya ziyarci kowace rijiya ba tare da sanarwa ba, ya buga famfon da hannunsa. Abin da ya gani, mai daɗi ko marar daɗi, a buga shi a wannan mujalla tamu.

Wannan bai shafi zakka ba, bai shafi abincin buɗa-baki ba. Zakka tana da mutanenta da Allah Ya ƙayyade, kuma asusunta daban yake kamar kullum. Mai jin yunwa a yau ba za a ce ya jira tsari ba. Buhunan gero da shinkafa za su tafi kafin goma ga wata, in sha Allahu.

Mun san inda maganar za ta yi zafi. A cikin ɗakin nan akwai iyayenmu da suka yi shekara suna tara kuɗi domin a haƙa rijiya da sunan mahaifi ko miji da ya riga mu gidan gaskiya. Ɗaya daga cikin hajiyoyinmu ta same mu a makon jiya ta ce ita ba gyaran rijiyar wani ta yi niyya ba, tata take so. Hajiya, mun ji ki, kuma ba mu ga laifinki ba. Kuɗinki amana ne, ba za a karkatar da ko sisi ba sai da yardarki. In kin ce a jira, za a ajiye shi har baɗi, a haƙa miki a kan sabon tsari, wadda za ta daɗe. Abin da muke roƙo ki duba shi ne, abin da ake nema a sadaka mai gudana shi ne amfaninta ya ci gaba da isa ga bayin Allah. Sunayen da ke jikin rijiyoyin nan uku iyayen wasu ne da ke zaune kusa da ke yanzu, waɗanda suka bayar da zuciya ɗaya, suna zaton har yau ana sha ana yi musu addu'a. Wanda ya mayar da ruwa a waɗannan famfuna ya shayar da gari guda, ya kuma share wa ɗan'uwansa hawaye. Hukuncin ladan mai gyara da na mai haƙawa, da batun karɓar 'yan canji a kan ruwan sadaka, ba fagenmu ba ne. Mun miƙa wa Malam Liman tambayoyin, zai yi bayani bayan sallar Isha'i, kowa ya tambayi abin da ya shige masa duhu.

Wasu kuma sun ce in aka fallasa cewa rabin rijiyoyinmu sun mutu, mutane za su daina bayarwa. Mun yi muhawara a kan wannan har dare biyu. Mai yiwuwa bana a tara ƙasa da na bara, mun yarda da hakan. Amma duk ɗan kasuwa ya san abokin cinikin da ka ɓoye wa aibin kaya, ranar da ya gano ba ka sake ganinsa. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Game da kuɗin zirga-zirga, ba za a taɓa asusu ba. Waɗanda za su duba rijiyoyin masu zuwa gida ne dama, man babur da na mota kuwa mu 'yan kwamiti mun ɗauke shi daga aljihunmu.

Yanzu ga abin da muke bukata daga gare ku a daren nan. Duk wanda ke da niyyar zuwa gida tsakanin watan Maris da Mayu, ya ba da sunansa a teburin bakin ƙofa, ya faɗi yankin da zai je. Matasanmu da suka karanta lissafin kuɗi ko aikin injiniya, muna bukatar mutum biyu, ɗaya ya riƙe mana littafin asusun gyara, ɗaya ya riƙa duba takardun 'yan kwangila kafin mu sa hannu. Mu karatunmu a sakandare ya tsaya, kun fi mu sanin waɗannan, kada ku ji nauyin gyara mana. Iyayenmu mata, muna son biyu daga cikinku su shigo kwamiti, domin da akwai mace a cikinmu tun farko, da ta tambayi wa zai riƙe makulli. Bayan an ci abinci kuma za a ɗaga hannu a kan abubuwan nan huɗu, ɗaya bayan ɗaya. Abin da jama'a suka zaɓa shi za mu bi, ko ya saɓa wa ra'ayinmu.

Allah Ya kai mu Ramadan da rai da lafiya, Ya karɓi ibadunmu. Allah Ya jiƙan iyayenmu da aka yi wa waɗannan sadakoki, Ya kai haske kabarinsu. Allah Ya yaye wa ƙasashenmu talauci da rashin tsaro, Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare mana zuri'armu a wannan ƙasa da muke baƙunta. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren namu ne, a yafe mana.